Ɗakin da Aka Auna da Gidan da Muke Ciki

Akwai wani adadi da kusan duk mai rubutu a kan lafiyar muhallin cikin gini yake buɗe magana da shi, wai ɗan Adam yana ƙarar da kashi 90 cikin 100 na rayuwarsa a cikin ɗaki. Tushen adadin wani bincike ne da aka yi a Amurka daga 1992 zuwa 1994, aka wallafa a 2001. An tambayi mutum sama da dubu tara inda suka wuni da inda suka kwana, aka tarar kashi 87 na lokacinsu a cikin gini yake tafiya, kashi 6 kuma a cikin mota. Adadin ba ƙarya ba ne, sai dai na Amurkawa ne. Matar aure da take tsakar gida tun daga sharar safe har zuwa kwashe tuwon dare, bango ya kewaye ta, sama a buɗe, hayaƙin murhu yana bin fuskarta da ta goyonta, a ciki za a rubuta ta ko a waje? Takardar tambayoyin ba ta tanadar mata gurbi ba. A ganina daga nan ne matsalar wannan fanni take farawa idan aka ɗauko shi aka kawo ƙasar zafi.

A ƙasashen sanyi aka haifi fannin, kuma har yau kamanninsu yake ɗauke da su. A 1858 Max von Pettenkofer, masanin tsaftar muhalli a birnin Munich na Jamus, ya ce idan iskar da mutane ke fitarwa daga huhu, wato kabon dayoksaid, ta haura kashi ɗaya cikin dubu na iskar ɗaki, to ɗakin ya cushe. Da wannan ma'auni ake aiki a makarantu da ofisoshi har gobe. Bayan rikicin man fetur na 1973, Turawa da Amurkawa suka shiga toshe kowace kafa a gine-ginensu don kada ɗumin da suka saya da tsada ya fice, suka kuma rage iskar waje da injuna ke turawa ciki. Ba a jima ba ma'aikata suka fara kukan ciwon kai da ƙaiƙayin ido da kasala, abin da yake sakinsu da zarar an tashi aiki. Sai a 1989 ƙungiyar injiniyoyin Amurka mai tsara ƙa'idar shigar iska cikin gini ta ninka iskar da kowane mutum zai samu sau uku. Duk wannan ilimi na ginin da yake a rufe ne, mai wutar da ba ta ɗaukewa.

Batun zafi ma haka. Littafin da ya kafa harsashinsa na Ole Fanger ne, ɗan ƙasar Denmak, wanda ya fito a 1970. Ya gina lissafinsa a kan gwajin mutum kimanin 1,300, akasarinsu ɗalibai, da aka zaunar a ɗakunan gwaji sanye da tufafi iri ɗaya, ana murɗa zafi da sanyi ana tambayarsu yadda suka ji. Lissafin ya yi kyau ƙwarai, ya zama ƙa'idar duniya a 1984, kuma yana aiki a ofis mai na'urar sanyaya ɗaki. Amma wanda aka zaunar ɗin ba shi da ikon tuɓe riga, ko buɗe ƙofa, ko jan tabarma zuwa inuwa. A 1998 Richard de Dear da Gail Brager suka tattara bayanai kimanin dubu 21 daga gine-gine 160 a nahiyoyi huɗu, suka nuna cewa mazauna ginin da iska ke ratsawa suna jin daɗi a zafin da lissafin Fanger ya ce ba zai zaunu ba, domin jiki yana sabo da yanayin gari, mutum kuma yana da dabara. Kusan shekara talatin aka ɗauka kafin masana su yarda da abin da kowane dattijo a bakin zaure ya sani.

Gidan Bahaushe na gargajiya a kan wannan dabara aka tsara shi. Bangon tubali mai kauri da rufin soro na azara da ƙasa suna shanye zafin rana a hankali, sai bayan sa'o'i masu yawa yake ratsowa ciki. Shi ya sa da azahar a watan Afrilu za ka shiga ɗakin soro ka ji kamar an sauke maka kaya. To amma zafin da bango ya sha da rana da dare yake amayar da shi, don haka bayan isha'i ɗakin ba ya kwantuwa. Magina sun san da haka, ba su kuma ɗauke shi aibi ba, saboda ba a ɗaki ake kwanan bazara ba. A yayyafa ruwa a tsakar gida, a shimfiɗa tabarmi, samari su koma ƙofar gida ko zaure. Idan hunturu ya kama sai lissafin ya juya, ɗumin bangon nan shi ake nema. Ke nan ba ɗaki ɗaya ne yake ba da lafiya ba, gidan gaba ɗaya ne, tare da ƙaurar mutanensa daga wuri zuwa wuri gwargwadon sa'a da lokacin shekara. Mai bincike da ya rataye ma'aunin zafi a ɗakin kwana ya dawo bayan mako guda ya auna ɗakin da kyau, amma bai auna kowa ba.

Ba na cikin masu yi wa ginin ƙasa kirari ido rufe. Yawancin masu wannan kirari a gidan siminti suke kwana. Ginin ƙasa yana son yaɓe duk shekara, indararo ɗaya ya toshe a watan Agusta rufi ya jiƙe ya rufto wa masu barci, gara tana cin azara, giginyar da ake tsagawa a sami azarar ma ta yi ƙaranci. Tagogin ƙanana ne ko babu, ɗaki da duhu, mai tarin fuka ya kwana da mutum shida iskar ba ta sauya ba. Wanda ya rushe soro ya sa bulo da kwano ba wauta ya yi ba, hutu ya saya daga aikin damina, ya kuma sayi mutunci a idon surukai. Abin da ba a gaya masa ba shi ne kwano marar silin yana zubo zafin rana kai tsaye a kan mai jego da jariri da tsoho, waɗanda su ne ba sa fita. A farkon Afrilun 2024, cikin azumi, zafi ya kai digiri 48.5 a Kayes ta ƙasar Mali, asibitin Gabriel Touré na Bamako kuma ya ƙirga mutuwar mutum 102 cikin kwana huɗu, da yawansu tsofaffi.

Inda fannin ya fi matsowa kusa da mu shi ne hayaƙin girki, kuma a nan ne ya fi shan mamaki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a 2020. Maganin da kowa ya hango shi ne ingantaccen murhu. A tsaunukan Gwatamala, Kirk Smith da abokan aikinsa suka raba wa gidaje murhu mai bututun fitar da hayaƙi. Sakamakon da ya fito a 2011 ya nuna hayaƙin da yara ke shaƙa ya ragu da kusan rabi, ciwon huhu mai tsanani ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku, amma jimillar ciwon huhun da likita ya tabbatar ba ta yi raguwar da za a kafa hujja da ita ba. A Malawi aka gwada murhu mai ƙaramar fanka a kan yara sama da dubu goma, sakamakon 2017 ya ce babu bambanci. A jihar Odisha ta Indiya aka bi gidaje shekara huɗu: hayaƙi ya ragu a shekarar farko, daga nan murhunan suka lalace, ba a gyara ba, aka koma gidan jiya. Hatta babban gwajin da aka yi da mata masu juna biyu 3,200 a Gwatamala da Indiya da Peru da Ruwanda, aka ba rabinsu murhun gas da gas ɗin kyauta, hayaƙi ya faɗi sosai, amma nauyin jarirai a haihuwa bai sauya yadda aka zata ba.

Wannan ba ya wanke hayaƙi daga laifi, masana suna kan muhawara a kan dalilan. Amma ɗaya daga cikinsu ba ya buƙatar ɗakin gwaji. Murhun da aka ƙera don tukunyar mutum huɗu ba zai ɗauki tukunyar tuwon gidan mutum ashirin ba, kuma idan aka kafa muciya aka fara tuƙi, sai duwatsu uku ne suke riƙe tukunya ba ta goce ba. Saboda haka ƙaramin gas yana dafa shayi da ɗumame, itace yana tuƙa tuwo, ranar da gas ya yi tsada a koma gawayi. Ko uwargida ta daina hura wuta, amarya tana hurawa a ɗaya kusurwar, maƙwabta suna ƙona shara a bayan katanga.

Aikin da ya fi burge ni a wannan fanni a Gambiya aka yi shi, domin masu yinsa sun ɗauki ginin ƙauye da muhimmanci. Steve Lindsay da abokan aikinsa sun daɗe suna nuna cewa sauron da ke kawo zazzaɓi yana bin warin numfashin masu barci, ya tashi sama idan ya ci karo da bango, ya shige ta ratar da ke tsakanin kan bango da rufi. A gwajin da suka wallafa a 2009, sa wa gida raga ya rage sauron ciki da kusan rabi, ya kuma rage ƙarancin jini a yara. Sai dai toshe wannan rata yana hana iska, ɗaki ya yi zafi, zafi kuma shi ne babban dalilin da mutane ke bayarwa na ƙin shiga gidan sauro. Da aka yi babban gwaji da gidajen da aka gyara da rufin kwano da ƙofofi masu raga, sakamakon 2021 bai nuna zazzaɓi ya ragu a yara ba.

A nan ne nake ganin babban raunin fannin. Kowane masani haɗari ɗaya yake bi. Na hayaƙi ya ce a buɗe taga, na sauro ya ce a rufe, na zafi ya ce a faɗaɗa ta, na ƙurar hunturu ya ce a toshe. Maigida kuwa taga ɗaya gare shi, kuma akwai mai ba da shawara na biyar da ba ya cikin kowace mujallar kimiyya, wato ɓarawo, wanda maganarsa ce take rinjaye. Tsoronsa ne yake sa a kulle ƙofa da taga a daren bazara, a kunna igiyar leko a ɗaki rufe, alhali wani bincike na 2003 ya gano igiya ɗaya tana fitar da ƙananan ɓurɓushin hayaƙi daidai da na karan sigari 75 zuwa 137. Tsoronsa ne kuma yake sa a shigo da janareto baranda ko lungun ɗaki a bar shi yana aiki a kwanta. Iskar kabon monoksaid da yake fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, da safe sai maƙwabta su ɓalle ƙofa. Kaskon gawayi da ake shiga da shi ɗaki don jin ɗumi da hunturu irin wannan iskar yake fitarwa. Cunkoson ɗakunan kwana a lokacin rani kuwa yana cikin abin da ke taimaka wa sanƙarau yaɗuwa, cutar da ta kashe sama da mutum dubu goma sha ɗaya a Nijeriya a 1996.

Abin da ya faru a Zamfara a 2010 ya isa ya nuna cewa tsakar gida tana cikin lissafi. A ƙauyuka irin su Dareta da Yargalma da Bagega, ana kawo duwatsun zinariya gida a daka a niƙa, wani lokaci da turmi da injin da ake niƙa hatsi. Duwatsun cike suke da dalma. Ƙurar ta kwanta a ƙasar da yara ke rarrafe suna kai hannu baki, yara sama da 400 suka rasu. Magani bai yiwu ba sai da aka kankare ƙasar gidajen aka zuba sabuwa, domin yaron da aka yi wa magani ya koma gidan zai sake kwasa. Babu na'urar auna iskar ofis da za ta hango wannan.

Yanzu kuma tsakar gidan ce take ɓacewa. Fili ya yi tsada a Kano da Kaduna da Maraɗi, gado ya raba gida ɗaya gida biyar, mai haya yana son ɗaki ciki da falo da kicin da banɗaki duk a ƙarƙashin rufi ɗaya. Mun ɗauki rufaffen gini irin na Turawa ba tare da wutar da ke sa shi numfashi ba. Nijeriya tana da kundin ƙa'idar gini tun 2006, da na tsimin makamashi a gine-gine tun 2017, amma yawancin gidaje tsakanin maigida da birkila ake yanke tsarinsu, a tsaye a kan fili, da sanda ana zane a ƙasa.

Masu neman hanya ta uku sun fi yawa a Nijar. Tun daga 1980 ake koya wa magina a can yin rufin ƙasa mai ƙubba wanda ba ya buƙatar azara ko ɗaya. Falke Barmu, maginin gargajiya, ya sami kyautar Aga Khan a 1986 da masallacin ƙasa na Yama a yankin Tawa. Mariam Issoufou Kamara da abokan aikinta sun gina gidajen da ake kira Niamey 2000 da tubalin ƙasa da aka matse da inji, hawa biyu a ƙaramin fili, suka bar wa kowane gida tsakar gidansa da wurin shan iska a sama. Irin waɗannan gidaje ne ya kamata sassan koyar da zanen gini na Zariya da Kano da Yamai su bi da ma'auni shekara guda cur, bazara da damina da hunturu, tare da gidan bulo na maƙwabci don kwatance. Kuma ma'aunin a ɗaura shi a jikin mai girki da goyonta, a rubuta ƙarfe nawa aka rufe taga da dalilin da ya sa aka rufe ta.