Einstein@Home: Kwamfutarka ma ta shiga farautar taurari

Kai, wannan manhaja ta gama mini komai! Einstein@Home, wadda Bruce Allen da abokan aikinsa suka buɗe a 2005, aron kwamfutarka take yi a lokacin da ba ka aiki da ita. Ta turo maka gutsuren bayanan LIGO, na'urorin nan biyu na Amurka masu hannaye na kilomita 4, kwamfutarka ta tace, ta mayar da sakamako. Kyauta.

Me ake nema? Tauraron niyutiron, gawar babban tauraron da ya fashe. Ya fi rana nauyi, amma faɗinsa kusan kilomita 20 ne kacal, kamar ka tashi daga Samaru ka je Sabon Gari ka dawo. Ga shi da juyi na fitar hankali: akwai wanda yake kewaya kansa sau 716 a daƙiƙa ɗaya. Allahu Akbar!

Nan ne abin ya fi tsuma ni. Idan irin wannan tauraro yana da ɗan ƙullutu a jikinsa, ko kayan cikinsa suna kaɗawa yayin juyin, to zai riƙa girgiza sararin samaniya, yana sako raƙuman ƙarfin janyowa da Einstein ya hango tun 1916. A 1998 masani Nils Andersson ya nuna cewa wata irin kaɗawar, maimakon ta lafa, fitar raƙuman ma ƙara mata ƙarfi take yi, har ta rage wa tauraron gudu. LIGO ta ji karon baƙaƙen ramuka a 2015, ta ji na taurarin niyutiron biyu a 2017, amma waɗannan sukan zo ne su wuce nan take. Wanda ake nema kuwa amo ne siriri da ba ya yankewa, kuma har yau ba wanda ya kama shi. Sai an tsefe bayanan watanni, shi ya sa ake neman dubban kwamfutoci.

Kada a ce wahalar banza ce. A 2010 kwamfutocin 'yan sa-kai a Amurka da Jamus suka tono sabon tauraro mai juyi sau 41 a daƙiƙa daga bayanan na'urar hangen rediyo ta Arecibo, kuma an ambaci masu su da suna.

Mu da ke Samaru ai niyutiron ba baƙonmu ba ne. Tun 2004 cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello ke aiki da na'urar nukiliyarta, NIRR-1. Ɗaliban fiziks, me kuke jira? Gaskiya manhajar tana sa kwamfuta zafi, tana kuma shan batir, ga halin wuta a garin nan. Sai ka saita ta ta yi aiki in an jona caji kaɗai, ka ɗora kwamfutar inda iska ke ratsawa. Ko ta hannu ce ka saya a Sabon Gari, za ta ɗauki nata kason.