Bayin da Makau Ya Kamo: Sake Karanta Shaihu Umar daga Haɗejiya

Na fara karanta Shaihu Umar ina ƙaramar sakandare a Haɗejiya, na kuma zubar da hawaye a inda kowane ɗalibi yake zubarwa, wato wurin da uwar Umar ta sadu da ɗanta a Tarabulus bayan shekaru tana nemansa, ba a jima ba rai ya yi halinsa. Sai da na shiga jami'a aka ɗora mana littafin marubucin Amurka Mark Twain, Adventures of Huckleberry Finn, sannan na koma na sake buɗe namu, na tarar da waɗansu mutane a farkon labarin waɗanda idona bai taɓa tsayawa a kansu ba. Su ne bayin da Makau ya kamo.

Mai karatu zai tuna cewa Makau shi ne mijin uwar Umar, bafaden Sarkin Kagara. An tura su hari ƙasar Gwari, ya nuna jarumtaka, ya dawo da bayi. Mahassada suka kai sara cewa ya ɓoye waɗansu, sarki ya kore shi daga gari, daga nan iyalin suka tarwatse. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tsara wannan kashi yadda duk tausayinmu zai tattara a kan Makau, mutumin kirki da aka yi wa ƙage. Amma me ake jayayya a kansa a fada? Lissafin mutane ake yi: nawa ya kamo, nawa ya miƙa. Su waɗanda aka raba da gonakinsu da 'ya'yansu ba su da suna, ba su ce uffan ba, labarin kuma bai sake waiwayarsu ba. Abin da zai sami Umar da uwarsa daga baya shi ne ainihin abin da ya sami waɗannan mutane a hannun Makau, sai dai littafin ya kira na farko ƙaddara mai ban tausayi, na biyu kuwa aikin fada.

Twain ne ya koya mini wannan tambaya. Yaronsa, Huck, ɗan talaka ne farar fata da ya gudu daga uba mashayi, ya haɗu da Jim, bawan da ya tsere domin ya ji uwargijiyarsa za ta sayar da shi a kai shi New Orleans. Suka bi kogin Misisipi a kan waɗansu katakai da aka ɗaure wuri guda. Wanda ya tashi a bakin kogin Haɗejiya ya san abin da ruwa yake yi wa girman kai: idan damina ta cika fadama, ɗan hakimi da ɗan masunci kwalekwale ɗaya suke shiga, kuma mai tuƙi ake saurara. A kan ruwa Huck ya fara ganin Jim a matsayin mutum. Ya yi masa wasan rainin hankali wata rana bayan hazo ya raba su, Jim ya faɗa masa gaskiya mai zafi, yaron ya daɗe yana jan ƙafa kafin ya iya ba shi haƙuri.

Gwanintar Twain tana babi na 31. Huck ya rubuta wasiƙar da za ta tona inda Jim yake, ya ji zuciyarsa ta yi fari, domin duk tarbiyyar da ya samu a gida da coci ta nuna masa cewa taimakon bawa ya gudu sata ce. Sai ya tuna daren da Jim ya riƙa karɓar masa gadi don ya yi barci, ya yayyaga takardar, yana mai imani cewa ya zaɓi wuta ke nan. Bai gano cewa bauta zalunci ce ba; shi a ganinsa shi ne lalatacce. Mai karatu ne aka bar wa aikin gane cewa abin da yaron yake kira muryar gaskiya muryar garinsu ce kawai.

Babu irin wannan lokaci a Shaihu Umar. Umar yana girma, amma girmansa na ilimi ne da haƙuri. Balaraben nan Abdulkarim ya tafi da shi Ber Ƙufa, ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa, ya sa shi karatu har ya zama malami. Sa'a ce ta haɗa shi da ubangida nagari, ita kuma uwarsa ta faɗa hannun mayaudari da mugu. Ma'aunin littafin ke nan: akwai mai bayi nagari, akwai mugu. Shaihun da yake zaune a Rauta yana ba almajiransa labari bai taɓa tambayar ko ya halatta a kama su tun farko ba.

Zai zama rashin adalci in tsaya a nan. Twain ya fitar da littafinsa a 1884, kusan shekara ashirin bayan an haramta bauta a Amurka a 1865. Da gawa yake faɗa, ko da yake fatalwarta tana nan. Tafawa Ɓalewa kuwa matashin malamin makaranta ne a Bauchi, bai wuce shekara ashirin da biyu ba lokacin da Hukumar Fassara ta Zariya ta buga littafin a 1934, bayan gasar da Rupert East ya shirya. A wannan shekara bauta ba ta gama mutuwa a dokar Arewa ba. Turawa sun 'yanta 'ya'yan da aka haifa daga 1901, amma sai a 1936 aka soke ta baki ɗaya. Masu karatunsa na farko da dama sun tashi a gidajen da ke da rinji da kuyangi. A irin wannan fili, ɗaukar 'yantacciyar mace musulma, matar bafade, a bi ta har kasuwar bayi, a nuna yadda dare ɗaya yake mayar da ɗiya baiwa, ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne. Kashin uwar Umar shi ne mafi ƙarfi a littafin, domin ita kaɗai ce ta ƙi miƙa wuya. Sai dai abin da ya tsorata mai karatu shi ne bauta ta afka wa wadda ba ta dace da ita ba, wannan kuwa yana nufin akwai waɗanda ta dace da su.

Shi ma Twain bai fita fes ba. A babukan ƙarshe ya shigo da Tom Sawyer ya mayar da kuɓutar da Jim wasan yara, alhali Tom ya san an riga an 'yanta shi a cikin wasiyya. Jim ya koma abin dariya, Huck kuma ya bi Tom kamar bai taɓa yaga wata takarda ba. Haka a To Kill a Mockingbird na Harper Lee, na 1960, Tom Robinson ya mutu, yarinyar lauya ta ƙaru da darasi. A littattafan nan uku wanda aka zalunta tsani ne da wani yake takawa.

Mun fi jin daɗin karanta na Amurka, domin mai laifin yana nesa, launinsa kuma ba namu ba ne. Namu bambancin ba ya bayyana a fata. A baki ake adana shi, da sunan asali. A Haɗejiya muna alfahari da Sarki Buhari, wanda ya gagari Sakkwato ya kuma rasu a yaƙin ƙasar Bade a 1863, kuma akwai abin alfahari a tarihinsa. Amma hare-harensa sun kwaso mutane, mutanen nan kuma ba iska ta tafi da su ba. Sun hayayyafa, jikokinsu muna sahu ɗaya da su a masallaci.

Bara wani abokina, wanda muka gama jami'a tare, ya nemi auren 'yar uwata. An karɓi gaisuwa, an fara maganar sa rana, sai wata gwaggonmu ta kawo labarin cewa kakan kakansa bacucane ne. Ba wanda ya ce yaron yana da aibi a hali ko addini. Aka mayar musu da kayansu cikin ladabi, aka ce Allah bai yi ba. Ina tsakar gida lokacin da ake yanke maganar, na karanta babi na 31 har na rubuta jarrabawa a kansa na ci. Kawu ya juyo ya tambaye ni ko ina da abin cewa, tun da abokina ne. Na ce duk abin da manya suka gani shi ne daidai.