Kakar da ba ta tatsuniya: nazari a kan wasan Granny

A gidajen Madawa da Buza da Keita, tsoron dare yana da mai shi tun fil azal. Kaka ce ke kawo shi bayan sallar lisha a bakin tatsuniya, ita ce kuma ke kore shi kafin yara su yi barci. Yau wani tsoron ya shigo ta wayar salula, kuma da sunan kaka ya zo. Granny, wato Kaka da Ingilishi, wasa ne da Dennis Vukanovic, ɗan ƙasar Suwidin, ya fitar a watan Nuwamba na 2017 da sunan DVloper. In an sauke shi ba ya buƙatar intanet, ba ya kuma neman waya mai tsada, shi ya sa yake kaiwa hannun ɗalibin da bai taɓa riƙe PlayStation ba.

Tsarinsa gajere ne. Mai wasa yana farkawa a cikin wani tsohon gida da aka kulle, an ba shi kwana 5 ya nemo makullai da guduma da filaya ya buɗe ƙofar fita. Ba ya hango kansa daga waje. Da idanun wanda aka tsare yake gani, abin da ke bayansa kuwa duhu ne gare shi. Tsohuwar tana yawo da kulki, tana ɗana tarko, kuma duk lokacin da ta buge shi kwana ɗaya ya tafi.

Ƙarfin wasan a kunne yake. Tsohuwar tana jin komai: kwano ya faɗi, katako ya yi ƙara, sai ga ta. Saboda haka mai wasa yakan koyi sanɗa da saurare da ɓuya ƙarƙashin gado yana ƙirga takunta. Wannan dabara ta raunana ɗan wasa maimakon a cika masa hannu da bindigogi ta shahara da Amnesia: The Dark Descent a 2010 da Outlast a 2013. Abin yabo shi ne yadda Granny ya matse ta cikin gida ɗaya da ƙaramin allo, ya kuma riƙa sauya wuraren ajiyar kaya don kada hadda ta maye gurbin tunani.

Rauninsa na farko shi ne tsoronsa ba ya daɗewa. Bayan ƴan gwaje-gwaje tsohuwar takan zama inji mai bin sauti, wadda ake yaudara da jifan kofi. Na biyu ya fi nauyi: babu labari. Wasan bai damu ya bayyana dalilin ƙiyayyarta ba. Dodon tatsuniya yana da sharaɗi, yana ƙulla alkawari, wanda ya karya shi ne ke shiga uku. Tsohuwar da yarinya ke tararwa a bakin rafi jarrabawa ce ta ladabi: ƴar bora ta cuɗa mata baya ta sami arziki, ƴar mowa ta raina ta ta gamu da wahala. A Granny tsufa kansa ne abin ƙyama, furfura da yamutsattsiyar fuska su ne alamar mugunta. A ƙasar da zargin maita ya sha faɗa wa tsofaffin mata marasa galihu, wannan hoto ba ƙaramin abu ba ne a idon yaro ɗan shekara 10.

Hana wasan ba zai yi magani ba, domin daga waya zuwa waya yake tafiya. Abin da ya fi shi ne malami ya shigo da shi aji a darasin adabi, ya ajiye shi kusa da tatsuniyar Dodo, ya tambayi ɗalibai: wa ake tsoro, kuma don me? Granny ya iya sa zuciya bugawa, wannan ba a musanta masa. Amma idan an kashe waya, yaro yakan rage shi kaɗai da duhunsa, ba mai rufe masa labari ya ce masa ya kwanta lafiya.