Tumu Ba Girbi Ba Ne: Sharhi Kan Makomar Matasan 'Yan Wasan Tsakiya Na La Masia

Gabatarwa

A shekarar 2010, mutum uku ne suka kai matakin ƙarshe na kyautar Ballon d'Or, wato Lionel Messi da Andrés Iniesta da Xavi Hernández. Dukansu a gida ɗaya aka raine su, La Masia, makarantar horar da matasa ta ƙungiyar Barcelona da ke ƙasar Sifaniya, kuma biyu daga cikinsu 'yan wasan tsakiya ne. Tun daga lokacin, duk yaron da ya fito daga wannan gida, muddin ya iya karɓar ƙwallo ya miƙa ta cikin natsuwa, sai a yi masa laƙabi da sabon Xavi ko sabon Iniesta, tun gemu bai tsiro masa ba.

Wannan sharhi zai duba makomar matasan da suka gaji waɗannan gwanaye. Ra'ayin da ya tsaya a kai shi ne, har yanzu La Masia ta iya koyarwa, amma ƙungiyar da ta mallake ta ta daina jira. Manomin da yunwa ta matsa wa yakan shiga gona ya karyo gero tun yana ɗanye, ya gasa ya ci tumu. Tumu yana da daɗi, yana kuma tsare rai, sai dai duk zangarniyar da aka gasa ba za ta shiga rumbu ba. Halin da ƙungiyar ta shiga ke nan game da 'ya'yanta tun daga 2021.

Abin da gidan yake koyarwa

La Masia suna ne na wani tsohon gidan gona da aka gina a 1702, wanda Barcelona ta mayar masaukin yara 'yan ƙwallo a 1979. A 2011 aka tashi daga tsohon ginin zuwa sabon sansanin atisaye da ke Sant Joan Despí, amma sunan ya bi su. Martabar gidan kuwa a tsarin wasansa take, wanda Johan Cruyff ya ƙarfafa bayan ya karɓi horar da ƙungiyar a 1988. Tun daga ƙananan yara har zuwa manya, darasi ɗaya ake nanatawa: riƙe ƙwallo, buɗe fili, da sanin inda za a tsaya.

Ginshiƙin wannan karatu shi ne wani atisaye da suke kira rondo. 'Yan wasa kan yi da'ira suna miƙa wa juna ƙwallo da taɓi ɗaya ko biyu, yayin da mutum ɗaya ko biyu suke tsakiya suna ƙoƙarin ƙwacewa. Mai kallo zai ɗauka wasan yara ne. A cikinsa kuwa yaro yake koyon waiwaye kafin ƙwallo ta iso shi, da karɓa da ƙafar da ta fi nisa da abokin hamayya, da yanke shawara kafin a cim masa. Wannan shi ne jarin ɗan wasan tsakiya. Ɗan wasan gefe yana iya cin abinci da gudunsa tun yana ɗan shekara 17, domin gudu kyauta ce ta ƙuruciya. Shi kuwa na tsakiya aikinsa auna lokaci ne, ya san sa'ar da za a hanzarta da sa'ar da za a lafa, da inda haɗari zai ɓullo kafin ya ɓullo. Rondo yana iya ba shi ƙafa da ido. Hankalin jan ragamar wasa gaba ɗaya kuwa sai an shekara ana tarawa.

Yadda na farko suka nuna

Masu kiran yara da sunan Xavi sun manta da yadda Xavin ya zama Xavi. Ya fara buga wa manyan ƙungiyar wasa a 1998, a hannun Louis van Gaal, yana da shekara 18. Shekarun da suka biyo baya ya yi su ne a inuwar Pep Guardiola, ana ajiye shi a gaban masu tsaron baya, ana auna shi da magabacinsa, ana ganin bai kai ba. Sai a zamanin Frank Rijkaard, musamman bayan zuwan Edgar Davids aro a farkon 2004, aka matsa da shi gaba inda basirarsa ta sami sarari. Duniya ba ta sallama masa ba sai a gasar cin kofin ƙasashen Turai ta 2008, inda aka zaɓe shi gwarzon gasar yana da shekara 28. Shekara goma ke nan tsakanin fitowarsa da cikarsa.

Iniesta ya zo gidan a 1996 yana ɗan shekara 12, ya fara buga wa manya wasa a 2002. A kakar wasa ta 2004 zuwa 2005 ya buga wasannin La Liga 37, amma a 25 daga ciki daga benci ya taso. Ko a wasan ƙarshe na Gasar Zakarun Turai na 2006, wanda suka doke Arsenal a birnin Paris, sai bayan hutun rabin lokaci aka sako shi, yana da shekara 22. Sergio Busquets kuma ya yi kakar 2007 zuwa 2008 a ƙaramar ƙungiyar Barcelona, a rukuni na huɗu na gasar Sifaniya, kafin Guardiola ya hau da shi sama yana da shekara 20.

Abin lura a nan shi ne, dukansu sun tarar da manya a gabansu. Akwai wanda zai ɗauki nauyin wasa idan ya yi tsanani, akwai kuma wanda za a zarga idan an sha kashi. Yaro yana iya yin kuskure yau, gobe a ajiye shi ya huta, jibi ya dawo ba tare da kowa ya ce ƙungiya ta rushe ba. A ƙarƙashin wannan rumfa suka nuna a hankali.

Zamanin tumu

A watan Agustan 2021 rumfar ta yaye. Messi ya tafi saboda ƙungiyar ba ta da halin sabunta kwantiraginsa, shugabanta Joan Laporta kuma ya bayyana cewa bashin da ke kanta ya kai yuro biliyan 1.35. Ƙungiyar da ba ta iya sayen manya dole ta juya ga yaranta. A ƙarshen wannan wata ne Gavi, wanda aka ɗauko daga Real Betis yana ɗan shekara 11, ya fara buga wa manya wasa yana da shekara 17. Cikin Oktoba ya buga wa Sifaniya wasa da Italiya. A 2022 ya karɓi kyautar Kopa ta gwarzon matashi, ya je Gasar Kofin Duniya a Ƙatar, kuma yana da shekara 19 ya cika wasa 100 a Barcelona. A watan Nuwamban 2023, a wasan Sifaniya da Jojiya, jijiyar gwiwarsa ta tsinke, ya yi kusan wata 11 yana jinya. A Satumban 2025 aka sake yi masa tiyata a gwiwa.

Marc Bernal ya bi sawu. Busquets ya tafi a 2023, gurbinsa bai sami mai cike shi ba. Da Hansi Flick ya zo a 2024, Gavi da Frenkie de Jong suna jinya, sai ya ɗora wa wannan yaro ɗan shekara 17 matsayi mafi nauyi a tsarin gidan. Ya fara wasanni uku na farkon La Liga, ya burge kowa, a na ukun kuma, da Rayo Vallecano, jijiyar gwiwarsa ta tsinke. Sai bayan shekara guda ya sake taka fili. Pedri ba ɗan La Masia ba ne, daga Las Palmas ya zo a 2020, amma labarinsa ya nuna halin gidan da ya shigo. A kakarsa ta farko ya buga wa ƙungiya da ƙasa wasanni fiye da 70, har da gasar ƙasashen Turai da ta Olamfik a bazara guda, daga nan ya shiga shekarun fama da ciwon cinya.

Hujjar masu kare ƙungiyar

Adalci ya wajabta a saurari ɗaya ɓangaren, domin hujjojinsu ba na yarwa ba ne. Ta farko, tsinkewar jijiyar gwiwa ƙaddara ce da ke iya faɗa wa kowa. Xavi kansa ya gamu da ita a Disamban 2005 yana da shekara 25, kuma wasa uku kacal Bernal ya buga, ba za a ce gajiya ce ta karya shi ba. Ta biyu, jira ma yana da nasa hasarar. Cesc Fàbregas ya bar gidan zuwa Arsenal a 2003 yana da shekara 16 saboda bai hango ƙofa ba, sai da kuɗi mai yawa aka dawo da shi a 2011. Thiago Alcântara ya koma Bayern Munich a 2013. Ta uku, kofi ba ya ƙarya: da waɗannan yara aka ci La Liga a 2023 da 2025.

Duk wannan gaskiya ne, amma bai rushe ƙorafin ba. Ba a ce kowane rauni laifin koci ba ne. Abin tambaya shi ne, wa ya yanke shawarar sa yaron a fili, tsarin renonsa ko ramin da ke asusun ƙungiya? Inda tsari ne, da an ga ana sa shi ana cire shi bisa ma'auni. Abin da aka gani shi ne, da zarar yaro ya nuna zai iya, sai a jingina masa kaya gaba ɗaya, ƙungiyar ƙasa ita ma ta zo ta ɗora nata.

Akwai kuma hasarar da likita ba ya iya aunawa. A kakar 2022 zuwa 2023, lokacin da Xavi yake horar da ƙungiyar, sau da yawa a ɓangaren hagu na gaba ake ajiye Gavi, domin a can ake da buƙata. Ya yi aikin da zuciya ɗaya, 'yan kallo suka so shi saboda jarumtarsa, da yadda yake cusa kai inda wasu suke tsoron sa ƙafa. To amma jarumta ba ita ce darasin da ya rage masa ba. Abin da ɗan wasan tsakiya yake buƙata a wannan shekaru shi ne matsayi guda da zai zauna a kai, ya yi kuskure a cikinsa har ya gane shi ciki da waje. Yaron da aka mayar mai toshe kowace ɓaraka yana iya zama abin so ga kowa, ya kuma wuce shekarun koyo bai mallaki kujerar kansa ba.

Waɗanda aka manta da su suka nuna

Hujja mafi ƙarfi a kan amfanin jinkiri tana cikin gidan. Fermín López da Marc Casadó duk haihuwar 2003 ne, kuma babu wanda ya yi musu kirari suna da shekara 17. An tura Fermín aro zuwa Linares, a rukuni na uku, a kakar 2022 zuwa 2023, inda ya koyi wasa da ƙarti masu neman abin kai wa iyali. Ya dawo ya sami gurbi, a 2024 kuma ya ci wa Sifaniya ƙwallo biyu a wasan ƙarshe na Olamfik da Faransa. Casadó ya daɗe a ƙaramar ƙungiyar har ya zama kyaftin ɗinta. Da Bernal ya ji rauni, shi ya karɓi matsayin yana dab da cika shekara 21, ya riƙe shi kamar wanda ya daɗe a kai. Rashin kulawar da aka yi musu ita ta ba su abin da aka hana 'yan gaban goshi, wato lokaci.

A gefe guda kuma ga waɗanda kirari ya yi wa nauyi. An ɗaga Riqui Puig sama tun bai taka ko'ina ba, a 2022 ya tafi LA Galaxy ta Amurka yana da shekara 22. Ilaix Moriba ya haska na 'yan watanni, ya koma Leipzig a 2021. Nico González kuwa sai da ya bar gidan zuwa Porto a 2023 ya sami natsuwar da ta kai shi Manchester City a 2025. Wani abin damuwa shi ne, ƙaramar ƙungiyar da ta reni Busquets da Casadó ta faɗa rukuni na huɗu a 2025. Matakalar da ya kamata yaro ya taka kafin ya hau sama ta ƙara nisa da inda za shi.

'Yan kallo ma suna da nasu kason, daga Kataloniya har gidajen kallon ƙwallo na Kano da Damagaram. Mu ne muke naɗa yaro sarauta a wasansa na uku, mu kuma tuɓe shi a na talatin. Ƙungiyar da take neman abin da za ta lallashi magoya baya da shi ta san cewa babu labari mai daɗin sayarwa kamar na ɗan gida mai shekara 17.

Kammalawa

Makomar waɗannan matasa ba ta rataya a kan basira ba, domin wannan kam suna da ita. Ta rataya ne a kan abubuwa uku da suke hannun manya: a ƙayyade yawan wasannin da yaro zai buga wa ƙungiya da ƙasa kafin jikinsa ya gama ƙwari, a bar shi a matsayi guda har ya ƙware, a kuma gyara matakalar da ke tsakanin makaranta da babban fili, ko ta ƙaramar ƙungiya ko ta aro mai ma'ana. Gavi da Bernal da Casadó da Fermín duk suna da sauran lokaci, kuma babu wanda ya isa ya rufe littafinsu yanzu.

Sai dai ya kamata a sauya ma'aunin da ake yaba wa makarantar da shi. Ƙanƙantar shekarun da yaro ya fara wasa ba ita ce shaidar nasara ba, sau da yawa ma shaidar talaucin ƙungiya ce. Xavi ya bar Barcelona a 2015 yana da shekara 35, Iniesta a 2018 yana da 34, Busquets a 2023 yana dab da cika 35. Wannan shi ne girbin da ya yi wa La Masia suna. Ranar da ɗaya daga cikin yaran yau ya kai shekara 30 yana jan ragamar tsakiyar Barcelona da gwiwoyinsa lafiya, ranar ce za a ce gidan ya maimaita abin da ya yi a baya.