Sufeto da Malami a Ƙasar Noman Rani: Sharhi kan Gyaran Tsarin Duba Makarantu

Tun da Hans Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a Nasarawa a 1909, ilimin zamani ya taso tare da al'adar aika jami'i ya leƙa aji ya kawo wa hukuma labari. A 1973 gwamnatin tarayya ta kafa sashen sufetocinta na ilimi, shirin ilimin firamare ga kowa na 1976 ya yawaita makarantu har ƙauyuka, sannan dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ɗora kula da firamare a wuyan hukumar SUBEB da ofisoshin ilimi na ƙananan hukumomi. A tsawon wannan lokaci malamai sun san sufeto a matsayin mai neman laifi, wanda zuwansa kan sa hantar shugaban makaranta ta kaɗa.

Gyaran da aka kawo daga baya ya nufi kawar da wannan tsoro. An sauya wa sufeto suna ya koma jami'in tabbatar da ingancin ilimi. Shirin ESSPIN, wanda Birtaniya ta ɗauki nauyinsa daga 2008 a jihohi shida har da Kano, ya ƙarfafa tsarin da makaranta za ta fara auna kanta, jami'in tallafi ya zauna a aji ya saurari darasi ya ba da shawara, iyaye kuma su sami murya ta kwamitin gudanar da makaranta. Manufar kyakkyawa ce. Sai dai wannan sharhi na ganin cewa gyaran ya tsaya rabin hanya, domin har yanzu malami kaɗai ake ɗorawa a kan sikeli, ba a auna yanayin da yake aiki a ciki, ba a kuma auna waɗanda alhakin wadata shi da kayan aiki ke kansu.

Ƙananan hukumomin Kura da Bunkure sun isa misali. Yanki ne da ruwan madatsar Tiga, wadda aka gina a zamanin Gwamna Audu Bako, ya mayar da shi ƙasar da ba a ajiye fartanya rani da damina. Girbin shinkafar damina kan faɗo cikin zangon karatu na farko, tsinkar tumatir da dashen shinkafar rani kuma cikin na biyu. A irin waɗannan makonni magidanci na buƙatar hannun 'ya'yansa, yaro kuma na iya samun kuɗin ƙwadago a yini guda. Idan jami'i ya iso ya tarar da aji ya yi fayau, takardar da ke hannunsa tana da gurbin adadin waɗanda suka halarta, amma dalilin rashin zuwan sauran ba safai yake samun shiga ba. Ƙarshenta lamba ce za ta isa ofis, kuma lambar kan malami za ta faɗa.

Illar wannan ga malami iri biyu ce. Ta farko, yana koyon yi wa ziyara shiri maimakon yi wa darasi. Da zarar an ji ƙishin-ƙishin zuwan baƙi, sai a share harabar makaranta, a kwana ana cike littafin tsara darasi, a daidaita rajista. Jami'i ya ga abin da aka shirya masa, ya sa hannu, ya tafi, yaron da bai iya haɗa baƙi da wasali ba yana nan yadda yake. Ta biyu, malamin kirki kan karaya. Wanda ya sha faɗa wa masu ziyara cewa rufin ajinsa na yoyo, ko yaransa a ƙasa suke zaune, bai ga canji ba, zai fahimci cewa rahoto na da haƙora in ya juyo kansa, amma dasashi ne in ya fuskanci sama.

Manoman yankin sun san wata ƙa'ida da ta dace da wannan batu. Idan ruwa bai kai gonar da ke ƙarshen magudana ba, ba a fara da tuhumar mai gona. Akan bi hanyar ruwan a ga inda kacalla ta toshe, ko inda aka karkatar da shi. Haka ya kamata duba makarantu ya zama: a bi sawu daga allo har ofishin da ke tura malamai, da biyan albashi, da raba littattafai.

Wannan ba kariya ba ce ga malalaci. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Akwai malamin da kan bar aji ya tafi gonarsa, akwai kuma wanda bai mallaki abin da yake koyarwa ba. Jarrabawar da Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare a 2017, wadda sama da 21,000 suka faɗi aka sallame su, ta nuna girman matsalar, ta kuma bar tambayar da ba a amsa ba: ina masu duba makarantu suke duk shekarun da waɗannan malamai suka yi a aji? A ɗaya gefen kuma, Ingila ta ga inda tsanani ke kaiwa. Bayan mutuwar wata shugabar makarantar firamare a garin Reading a 2023, wadda binciken hukuma ya danganta da matsin ziyarar Ofsted, gwamnati ta soke yanke wa makaranta hukunci da kalma ɗaya a 2024.

Abin da Kura da Bunkure ke buƙata a bayyane yake. A riƙa ziyara akai-akai, a ba sauraron karatun yara muhimmanci fiye da duba takardu. A sa kalandar noma cikin lissafi, a zauna da iyaye da masu unguwanni da ƙungiyoyin masu amfani da ruwa a nemi yadda yaro zai taimaka a gona bayan an tashi daga makaranta. Kowane rahoto ya ƙunshi abin da ake bin malami da abin da malami ke bin hukuma, tare da wa'adin cikawa, a karanta shi gaban kwamitin makaranta. A kuma ba jami'in abin hawa da kuɗin mai, don kada ya dogara da karamcin wanda ya zo dubawa.

A 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi a Jihar Kano. Gina azuzuwa da ɗaukar malamai abin yabo ne, amma za a gane gyaran ya kankama ranar da malami a ƙauyen Bunkure ya hango babur ɗin jami'i ya fito da matsalolinsa maimakon ya ɓoye su. Gyara kayanka dai bai zama sauke mu raba ba.