Ina Mazaunin Ilmin Mishan?

A manyan makarantu akwai fanni biyu masu kama da juna. Na farko tauhidi, watau mai addini ya binciki abin da ya ba da gaskiya da shi. Na biyu nazarin addinai, watau a duba addinan mutane duka, a bayyana yadda su ke. Tsakaninsu akwai ilmin mishan, wanda ke binciken yadda addini ke tashi daga wata al'umma ya shiga wata. Shi wannan ya zama jemage, ba ya cikin tsuntsaye, ba ya cikin dabbobi. Masu tauhidi su kan ce tarihi ne kurum, masu nazarin addinai kuwa su ce wa'azi ne a fakaice.

A ganinmu duka biyu sun yi kuskure, tarihin Kano kuwa ya isa shaida. Cikin 1900 Bishop Tugwell da Likita Mila da abokan tafiyarsu suka iso Kano, Sarki Alu ya sallame su cikin 'yan kwanaki. Amma a 1932 Littafi Mai Tsarki ya fito duka da Hausa, masu fassara kuwa suka kira Mahalicci da sunan Allah, suka ɗauki kalmomi irin su annabi da mala'ika. To, zaɓen waɗannan kalmomi ba tauhidi ba ne? Yadda Musulmi suka ji da abin kuma, ba aikin mai nazarin addinai ba ne? Ashe ilmin mishan mahaɗa ne, inda hanyoyin nan biyu su ke gamuwa.

Sai dai littattafan fannin suna da nasu aibi. Littafin E. P. T. Crampton na tarihin Kiristanci a Nijeriya ta Arewa, wanda ya fito a 1975, ya yi ƙoƙari wajen jera labarin ƙungiyoyin mishan da zamansu da gwamnati. Amma nauyinsa ya fi karkata ga shugabanni. Paul Lubeck kuwa, cikin littafinsa na 1986, ya bi leburorin masana'antun Kano, ya nuna yadda almajirai da yawa suka zama ma'aikata. Sai dai shi hankalinsa na kan ƙwadago da Musulunci, ba haɗuwar addinan biyu ba.

Nan ne giɓin ya ke. A Bompai da Sharaɗa da majemun Challawa, mutumin Birni da mutumin Sabon Gari sun yi shekaru suna tsaye bakin inji ɗaya. Wannan ya fita salla, wancan ya tsare masa aiki. Ran Lahadi ko Kirsimeti a rama wa kura aniyarta ta alheri. Abin da kowannensu ya sani game da addinin ɗan'uwansa, a nan ya koya, ba a aji ba. Da'awa da bishara duka sun bi ta wannan ƙofa.

Kada mai karatu ya ɗauka gardamar malamai ce kawai. Cikin Oktoba 1991 zuwan mai wa'azin nan na Jamus, Reinhard Bonnke, ya jawo tarzoma a Kano, aka yi hasarar rayuka. Wanda bai san yadda a ke karɓar wa'azi ba, bai san abin da ke ta da wuta ba, balle abin da ke kashe ta.

Masana'antu da yawa sun rufe, tsofaffin ma'aikata kuwa suna ta ƙarewa. Ya kamata ɗaliban Jami'ar Bayero da na kwalejin tauhidi ta Bukuru su je su rubuta abin da ke bakin dattawan nan tun suna da rai.