Tsokaci a Kan Manhajar Hausa da Halin Malami a Makarantun Gwamnati na Lafiya

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala tsokaci ce a kan manhajar Hausa ta matakin ilimin bai-ɗaya, kamar yadda muke ganin ta mu malaman da ke aiwatar da ita a makarantun gwamnati na Lafiya, babban birnin Jihar Nasarawa. Hukumar NERDC ta fito da manhajar shekara tara a 2007, ta kuma yi bitar ta a 2012. Abin da muke son nunawa shi ne, an tsara darussan Hausa ba tare da la'akari da irin ɗalibin da ke zaune a azuzuwanmu ba.

2.0 Ɗalibin Lafiya

Manufar Ilimi ta Ƙasa, bugun 2004, ta kasa koyar da harsunan gida kashi biyu a ƙaramar sakandare: harshen muhalli a matsayin harshen farko, sai ɗaya daga manyan harsunan ƙasa a matsayin harshe na biyu. Wannan rabo ya dace da Kano, inda yaro ya tashi da Hausa, ya kuma dace da Inugu, inda Hausa baƙuwa ce. A Lafiya kuwa, aji guda yakan haɗa 'ya'yan Eggon da Alago da Gwandara da Migili da Tibi da Fulani, ga kuma zuriyar Barebarin da suka kafa masarautar, waɗanda Hausa ta zame musu harshen gida. Mafi yawan yaran nan suna ciniki da wasa da Hausa, sai dai Hausar da dama daga cikinsu ta sha bamban da daidaitacciya.

Bambancin ya fi fitowa a wurare biyu. Na farko shi ne furucin baƙaƙe masu ƙugiya: yaron da bai bambanta "baki" da "baƙi" ko "gada" da "gaɗa" a bakinsa ba, ba zai bambanta su a rubutu ba. Na biyu shi ne jinsi, inda ake jin "yarinya ya zo" ko "mota na" a maimakon "motata". Idan muka bi darussan harshen farko, za mu tarar an ɗauka yaro ya riga ya mallaki waɗannan abubuwa, an wuce da shi zuwa insha'i da nazarin adabi. Idan muka koma na harshe na biyu, sai mu ɓata zango guda muna koya wa yaro gaisuwa da ƙidaya, alhali da su yake sayar da lemo a kasuwa.

3.0 Halin Malami

Manufar ta 2004 ta ƙayyade malami ɗaya ga ɗalibai 35 a firamare. Gyaran furuci aiki ne na sauraren yaro ɗaya bayan ɗaya, ba ya yiwuwa a ajin da ya zarce wannan adadi nesa ba kusa ba. Haka kuma, a makarantu da dama akan danƙa darasin Hausa ga duk malamin da ke jin harshen, ko da takardar NCE ɗinsa ta wani fanni ce. Jin harshe daban, sanin ƙa'idojin rubutunsa daban.

Sauye-sauyen manufa sun ƙara dagula al'amarin. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince a koyar da yara da harshen uwa tsawon shekara shida na firamare. A Nuwamban 2025 ta sanar da soke wannan tsari, aka koma Ingilishi. Tsakanin matakan biyu, malamin Lafiya bai sami amsar tambayarsa ba: harshen uwar wane yaro, a ajin da ke da harsuna biyar ko shida? Yanzu darasin Hausa ne kusan kaɗai wurin da yaro zai koyi rubuta harshen da ya fi amfani da shi a gari.

4.0 Shawarwari

(a) A samar da wani rukunin darussa na musamman domin yankunan da Hausa take harshen cuɗanya, wanda zai fara da furuci da jinsi da ƙa'idojin rubutu.

(b) Hukumar SUBEB ta jiha ta haɗa gwiwa da Kwalejin Ilimi ta Akwanga wajen horar da malaman da aka ɗora wa darasin ba tare da sun karance shi ba.

(c) Littattafan karatu su ƙunshi rayuwar da yaron ya sani, kamar noman doya da riɗi da rogo.

(d) A sanya malaman aji na wannan yanki cikin kwamitocin bitar manhaja.

5.0 Kammalawa

Mun nuna cewa ɗalibin Lafiya ya faɗa tsakanin rukunoni biyun da aka tanada, kuma malami ne ke cike giɓin da dabararsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Muna fata masu tsara manhaja za su nemi jin ta bakinmu kafin bita ta gaba.